Rikicin dillalan ƙwaya a Juarez

Ɗan'uwa ka tambaya wai rikicin dillalan ƙwaya a iyakar Meziko da Amurka na taɓa talakawa? Wallahi sosai ma. Duba Juarez, wani birnin Meziko da ke bakin iyakar, a 2008 ƙungiyoyin dillalan ƙwaya biyu, ta Sinaloa da ta Juarez, suka fara gwabzawa kan hanyar tsallaka da hodar iblis, a 2010 kaɗai an kashe sama da mutum 3,000, alhali El Paso, birnin Amurka da ke tsallaken gada, lafiya lau. A lokacin mai shago dole ya biya dillalan kuɗi ko su cinna wa shagonsa wuta, da yawa suka rufe suka gudu. A Janairun 2010 ne 'yan bindiga suka buɗe wuta kan matasa a wajen bikin zagayowar ranar haihuwa, mutum 15 suka rasu, yawancinsu 'yan makaranta, abin har yau yana taɓa min zuciya.