Likita, Baba Ya Tashi Harshensa Ya Sarƙe

Tambaya: Likita, ɗana ya cika shekara 2 bai fara magana ba. Ni ina masa Hausa, babansa Fulatanci. Kakarsa ta ce mu ne muka rikita shi. (Wata uwa, Unguwar Rimi)

Amsa: 'Yar'uwa, harshe biyu ba ya hana yaro magana. Amma ɗan shekara 2 ya kamata yana haɗa kalma biyu, kamar "Mama ruwa". Ki kai shi Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke nan Kaduna a gwada jinsa, musamman in ya taɓa ƙyanda, sanƙarau ko kunne mai zubar ruwa. Kada wanzami ya taɓa ƙasan harshensa.

Tambaya: Shekaranjiya bayan Asuba mahaifinmu, mai hawan jini, ya kasa magana. Yana son cewa "buta" sai wata kalma ta fito, bakinsa ya ɗan karkace. Amma yana karanta Fatiha tsaf, shi ya sa aka ce shafar aljanu ce. Ana masa hayaƙi, ana ba shi rubutu. (Wani matashi, Rigasa)

Amsa: Malam, ku ajiye kaskon nan ku sa shi a mota yau, ku nufi asibitin Barau Dikko ko na Shika. Alamun shanyewar ɓarin jiki ka lissafo min, ɗaya bayan ɗaya.

A yawancin mutane, ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa ne ke haɗa magana. Tun 1861 likitan Faransa Paul Broca ya fara gano haka, da wani majiyyaci da ba ya iya furta komai sai "tan". In jijiyar jini ta toshe ko ta fashe a wurin, mutum ya san abin da yake so ya faɗa, kalmar ce ta ƙi zuwa. Fatihar da ta ruɗe ku kuwa sananniyar aba ce: abin da aka haddace tun yarinta, kamar ƙirga da addu'a, sau da yawa yakan tsira ko da sabuwar magana ta gagara.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne ɗurar rubutu. Wannan ciwo yakan raunana haɗiya, ruwan ya zarce huhu ya zama ciwon huhu mai kisa. Haba, mutumin da bakinsa ya karkace a danne shi ana ɗura masa ruwa cikin hayaƙi! Ku yi masa addu'a, amma a kan hanyar asibiti. Kada a ba shi komai ta baki, har asfirin, sai an ɗauki hoton ƙwaƙwalwa an gane toshewa ce ko zubar jini, don asfirin na ƙara zubar jini. A kwantar da shi ta gefe, a tafi da kwalayen magungunansa, a faɗa wa likita lokacin da aka gan shi lafiya na ƙarshe.

Allurar narkar da gudan jini tana aiki ne cikin awa 4 da rabi na farko. Wannan ya wuce ku, amma daidaita jini da sukari, hana ciwon dawowa da gashin jiki duk suna nan. In an sallame shi, ku riƙa yi masa gajeriyar magana, tambayar "e" ko "a'a", mutum ɗaya a lokaci guda. Ban da tsawa, ban da maganarsa a gabansa kamar ba ya nan. Hankalinsa na nan. Na sake faɗa, yau.

Tambaya: Da gaske ne faɗin damuwa na rage ta? (Wata ɗaliba, Kawo)

Amsa: Da gaske ne. A 2007 Matthew Lieberman a Amurka ya nuna cewa ambaton sunan yanayin da mutum ya gani a fuskar wani a hoto, tsoro ko fushi, yana lafar da sashen ƙwaƙwalwa mai tayar da fargaba. In baƙin ciki da rashin barci sun haura mako 2, ki je asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa, kada ki tsaya a kan "haƙuri" kawai.