Lasisin akanta a Amurka: dole ne sai an ƙara shekara?

Tambaya: Malam, ɗana yana ajin ƙarshe na karatun akanta a Amurka. Ya ce sai ya ƙara shekara guda kafin a ba shi lasisin CPA, wato na ƙwararren akanta, ni kuwa aljihu ya gaji. Na ji an sassauta dokar, haka ne? Daga wata uwa.

Amsa: Hajiya, haka ne, amma sai mun san jihar da yake, domin a can kowace jiha ita ke ba da nata lasisin.

Digirin farko yawanci awa 120 ne na darussa ("awa" a nan ma'aunin yawan darussa ne na jami'a, ba ta agogo ba). A 1988 ƙungiyar akantoci ta AICPA ta amince da awa 150 a matsayin sharaɗi ga sabbin mambobinta, jihohi suka bi sahu wajen ba da lasisi. Ƙarin talatin ɗin nan ne shekarar da yake faɗa miki: kuɗin makaranta na fita, albashi bai fara shigowa ba. Abin da ya fi ba ni haushi, a jihohi da dama ba dole ne darussan su shafi akanta ba, cike gurbi kawai. Matasa suka riƙa kauce wa sana'ar, ga tsofaffin hannu suna ritaya.

Da ƙarancin ya yi tsanani, a Janairun 2025 jihar Ohio ta yi dokar buɗe wata hanya: digirin farko, aikin shekara biyu a maimakon ɗaya, sai jarrabawa. Bajiniya da wasu jihohi sun bi. Jarrabawar kam tana nan daram.

Ki ce masa ya tuntuɓi hukumar akantoci ta jiharsa, ya tambayi ranar da sabon tsarin zai fara aiki, da kuma ko jihar da yake son komawa za ta karɓi lasisin.