Tambayoyinku kan gudun tsere da raunin da yake jawowa

Tambaya: Likita dole ne sai na ɗumama jiki kafin gudu? Ni fa lafiyata ƙalau.

Amsa: Dole ne. Sassarfa ta kamar minti 10, sannan ka riƙa ƙara sauri kaɗan-kaɗan. Tsokar da ba ta ɗumama ba ta fi saurin yagewa.

Tambaya: Ina cikin gudun mita 100 sai na ji wani abu ya tsinke min a bayan cinya, kwana biyu wajen ya yi baƙi. Abokai sun ce a gasa min da ruwan zafi a murza sosai, in sha tramol in koma fili. Ya ka gani?

Amsa: Ɗan'uwa don Allah kar ka biye musu. Bari ka ji abin da ya same ka. In kana gudu da iyakar ƙarfinka, ƙafa takan wulla gaba da sauri sosai, to tsokar bayan cinya ita ce birkin da ke tare ta kafin ta taka ƙasa, wato tana miƙewa kuma tana ja duk a lokaci ɗaya, a daidai nan ta fi yagewa. Da ƙafar ta sauka kuma, ƙarfin da take ɗauka ya kai ninki 3 na nauyinka ko fiye, cikin abin da bai wuce kashi ɗaya bisa goma na daƙiƙa ba a wajen ƙwararru. Usain Bolt ma, wanda ya gama gudun mita 100 cikin daƙiƙa 9.58 a Berlin a 2009, tsokar nan ce ta kayar da shi a tserensa na ƙarshe a Landan a 2017, balle kai.

Baƙin da ka gani jini ne ya zuba a ciki. Zafi buɗe hanyoyin jini yake, murza kuma tana ƙara yaga abin da ke ƙoƙarin haɗewa, to me aka yi kenan? Wallahi abin nan yana ci min rai, sai an gama dagula ciwo sannan a kawo mana. Tramol kuwa ba ya ɗinke tsoka, ciwon kawai yake ɓoyewa ka je ka ƙarasa yaga ta, ga kama jiki, ga farfaɗiya da yake iya tayarwa.

Kwana 2 zuwa 3 na farko ka huta, ka naɗe ƙanƙara a tsumma ka ɗora minti 15 zuwa 20 sau da yawa a rana, ka ɗaure da bandeji ba tamau ba. Ka je asibiti a duba. In ba ka iya takawa, ko zama na maka zafi a ƙasan ɗuwawu, ko ka shafa ka ji rami a tsokar, yau ɗin nan za ka je ba gobe ba, don wani lokacin daga jikin ƙashi take ɓallewa sai an yi tiyata. Kuma daina jin ciwo ba shi ne warkewa ba, wannan rauni ya iya dawowa, musamman a makonnin farko bayan an koma fili. Sai masu gashin ƙashi na asibiti sun ƙarfafa tsokar sun sallame ka.

Tambaya: Na zabura zan yi gudu sai na ji kamar an haure ni a saman diddige, na waiga ba kowa.

Amsa: Wannan ya yi kama da tsinkewar agara, musamman in ba ka iya ɗagewa a kan yatsun ƙafar. Kar ka ce ai kana ɗan ɗingisawa, masu tsinkakkiyar agara ma suna tafiya. Asibiti yanzu, kuma in kwanan nan ka sha ciprofloxacin, wani maganin kashe ƙwayoyin cuta, ka faɗa wa likita, yana iya raunana jijiyar.

Tambaya: Likita ƙwaurina ke ciwo duk bayan atisaye, in ci gaba?

Amsa: Ƙanwata ki rage gudun, ki bar yi a kan siminti da kwalta. In ciwon waje ɗaya ne da za ki iya nunawa da ɗan yatsa, ko yana damunki ko kina zaune, yana iya zama ƙashin ne ya fara tsagewa, ki tsaya cak ki je a yi hoto.