Silon da Ya Ƙi Sauka

Ɗana, na ji tambayarka. Ka ce ka samu tsohon babur ƙirar Yamaha mai inji bugu biyu da silinda ɗaya, wanda ya fi shekara goma a jingine, ka shigar da shi garejin gida, ka wanke tanki da kafireta, ka sa sabon fulogi, kuma ya tashi a kiki na uku. Sai dai da zarar ya yi ɗumi silonsa, wato juyin da inji yake yi idan ba a murɗa totur ba, yakan riƙa hauhawa shi kaɗai, idan ka murɗa totur ka saki ba ya saukowa da wuri, shi ya sa kake neman sanin ko ka sa masa jet mai faɗi, wato ka faɗaɗa 'yar kafar da fetur yake bi a cikin kafireta. Kada ka sa, kuma kada ka ƙara tayar da shi sai ka yi gwajin da zan bayyana maka, domin injin nan yana shan iska ta wurin da bai kamata ba.

Kai ka saba da inji mai bugu huɗu, wanda ƙasansa, inda kurankishaf yake juyawa, mazaunin baƙin mai ne kawai. A inji mai bugu biyu ƙasan nan shi ne huhunsa. Idan fistin ya yi sama, yakan zuƙo iska da fetur daga kafireta zuwa ƙarƙashinsa, idan ya dawo ƙasa kuma sai ya matse su, su bi ta ƙofofin da ke jikin silinda su hau samansa inda za su ƙone. Man da ke shafa boris da fistin ma ta wannan hanya yake bi. Saboda haka duk wata kafa da ta buɗe a ƙasan injin, komai ƙanƙantarta, tana shigo da iskar da ba ta ratsa kafireta ba, iska tsurarta babu fetur. Wutar da fetur ya yi mata kaɗan ta fi zafi, fistin kuwa na alminiyam ne, yana kumbura fiye da ƙarfen da yake zirga-zirga a cikinsa, kuma ƙarshen abin ko dai ya cije ko samansa ya huje. Jet mai faɗi yana iya lafar da alamar na ɗan lokaci, amma kafar tana nan, gobe ma ta fi ta yau girma.

Ni ma na taɓa yin wannan wauta ina matashi. Na faɗaɗa jet, silo ya ɗan kwanta, na hau babur ina jin daɗin karsashinsa, don inji mai shan iskar sata yakan yi wani irin kuzari na yaudara kafin ya mutu. Ina cikin gudu sai ƙararsa ta koma siririya, tayar baya ta ƙulle, Allah ya sa yatsuna suna kan kuloci na damƙe shi. Da na buɗe, na tarar gefen fistin na wajen salansa ya narke ya shafe jikin silinda kamar an goga masa dalma, ringin kuma ya nutse a cikin raminsa.

Wanda na fi zargi a baburinka shi ne sil ɗin kurankishaf, wato zoben da ke toshe wurin da kurankishaf ya ratso jikin injin. Guda biyu ne, ɗaya a kowane gefe, kuma na roba ne, ita kuwa roba ko ba a yi aiki da ita ba shekaru suna busar da ita har leɓenta ya daina kama ƙarfe. Na gefen maganeto, wato abin da ke samar wa fulogi wuta, idan ya mutu iska yake shigarwa, wannan ne yake kawo abin da kake gani. Na gefen kuloci kuma man giya yake tsotsa, alamarsa hayaƙi mai kauri mai wari dabam wanda ba ya raguwa ko inji ya yi zafi, fulogi ya jiƙe ya yi baƙi, man giya kuma ya riƙa raguwa alhali ba ka ga ɗigonsa a ƙasa ba.

Ba da hasashe za ka tabbatar ba, da gwaji ne, kuma kayan gwajin ba su fi ƙarfin garejin gida ba. Ka cire kafireta da salansa. Bakin da salansa take ɗaurewa a jikin silinda ka toshe shi da ɗan farantin ƙarfe da guntun robar tsohon tub a tsakani, ka ɗaure da notinsa. Bakin da kafireta take shiga kuma ka sa masa toshiya mai ɗan bututu da ma'aunin iska na ƙananan lambobi, ka bar fulogi a ɗaure, ka sauke fistin ƙasa don ƙofofin su buɗe. Sai ka hura da famfon hannu a hankali zuwa psi 6 a kan ma'aunin, kada ka wuce, kuma kada ka kuskura ka yi amfani da kwamfuresa, domin ƙarfinta zai iya fitar da sil mai lafiya daga mazauninsa. Ka zuba wa allurar ido minti biyar. Idan ta tsaya, injin a rufe yake. Idan tana zamewa, ka kaɗa ruwan sabulu ka bi da buroshi: gindin silinda, robar da ke riƙe kafireta wadda takan tsage ta ƙasa inda ido ba ya kaiwa, layin da ɓari biyu na injin suka haɗu, sannan bayan maganeto. Inda iska take fita za ka ga ƙananan kumfa suna taruwa suna fashewa kamar tafasar farko. Shi maganeton da fula, wato ƙarfen da aka yi don zaro shi, ake zare shi, kuma a yawancin baburan Japan ta hagu ake ɗaure fular. Wanda ya buge shi da guduma yana iya lanƙwasa kan kurankishaf, ya sayi babban aiki da hannunsa.

Tun da salansa a cire take, ka haska tocila ta bakin ka dubi jikin fistin. Idan sumul yake, ringi kuma yana motsi idan ka ɗan danna shi, ka auna matsin silinda, wanda in ya gaza psi 100 to saman injin ya gaji. Idan ka ga zane-zane a tsaye, buɗewa ta zama dole. A nan akwai abubuwan da ba a yafe wa mai mantuwa. Kibiyar da ke saman fistin tana fuskantar salansa. A cikin ramin kowane ringi akwai ɗan tsinke, kuma a kansa bakin ringin yake haɗuwa, an yi shi ne don kada ringi ya juya bakinsa ya faɗa ƙofa ya karye. Idan silinda ta ƙi zama, kada ka danna da ƙarfi, ringi ne ya hau tsinken. Kilif ɗin da ke riƙe fin ɗin fistin sabo ake sawa kullum, kuma kafin ka taɓa shi ka cusa tsumma mai tsabta a bakin ƙasan injin, don na ga wanda ya raba inji gida biyu saboda kilif ɗaya da ya tsalle ya faɗa ciki. In har sai an yi bori, wato faɗaɗa ramin silinda, a je girma na gaba kawai, milimita 0.25 ko 0.50 gwargwadon zurfin zanen, domin naman tsohuwar silinda ba ya dawowa, sannan a goge kaifin gefen ƙofofin kafin a haɗa.

Sai maganar mai. Tun 1964 kamfanin Yamaha ya fara sa wa baburansa famfon da ke auna man inji da kansa, wanda ya kira Autolube. Za ka ji masu cewa a cire shi a riƙa haɗa mai da fetur a tanki. Ban yarda da su ba, famfon nan ba kasafai yake lalacewa ba, kuma a wasu baburan Suzuki kai tsaye yake shayar da boris ɗin kurankishaf, wanda ya cire shi ya bar su da ƙishi. Abin da yake buƙata shi ne sababbin bututai, a kwance ɗan sukurun fitar da iska har mai ya fito babu kumfa, a kuma daidaita wayarsa da alamar da ke jikinsa. A tankin farko ka zuba man 2T mililita 25 a kowace litar fetur, wato ɗaya cikin arba'in, har ka ga da idonka man da ke tankin famfon yana raguwa. Zai yi hayaƙi, ka ƙyale shi.

Salansar ma ka ɗaga ta ka ji nauyinta, don tsohon hayaƙi yakan daskare a ciki ya shaƙe inji, sai ka zare bututun cikinta ka kankare shi. Sukurorin murfin injin kuma, masu ɗigo a kai, ƙirar Japan ne da ake kira JIS, sukudireba mai kan gicciye na yau da kullum yana zamewa ya cinye kansu, ka nemi nasu.

Bayan duk wannan ne za ka koma kan kafireta, da jet ɗin da littafin baburin ya ambata da matatar iska a mazauninta. Ka tuƙa shi a hankali, ka ciro fulogi ka duba: ruwan ƙasa-ƙasa lafiya ne, fari fat kuwa ka kashe inji nan take. Ka fara yin gwajin iskar, ka rubuta lambar da allura ta nuna a farko da wadda ta nuna bayan minti biyar, ka kawo mini tare da fulogin da ke kai yanzu, kuma kada ka goge shi.