Tambaya da Amsa: Da wane konceton Rakmaninof zan fara?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na ga bidiyon wani matashi ɗan Koriya ta Kudu yana kaɗa konceton fiyano na uku na Rakmaninof, har jagorar makaɗan tana share hawaye. Na saurara, amma kafin a kai tsakiya na rasa inda aka nufa. Da gaske shi ne mafi wuya? Da wanne ya kamata in fara? Daga wata mai karatu.

Amsa: Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Yunchan Lim kika gani, wanda ya lashe gasar fiyano ta Van Cliburn a Amurka a 2022 yana ɗan shekara 18. Na ukun kuwa yana cikin mafiya wuya, babu musu. Sergei Rakmaninof, mai tsara kiɗa kuma gwanin fiyano ɗan Rasha, mai konceton fiyano huɗu, ya tsara shi a 1909 saboda tafiyarsa ta farko zuwa Amurka, a cikin jirgin ruwa ma sai da ya riƙa gwaji a kan allon fiyano marar sauti. Josef Hofmann, gwanin da aka sadaukar wa kiɗan, bai taɓa kaɗa shi a bainar jama'a ba. Amma wuyar kiɗa matsalar makaɗi ce, ke mai sauraro ba ruwanki da ita. Ki ajiye na uku tukuna, ki fara da na biyu.

Konceton fiyano zance ne tsakanin fiyano ɗaya da ayarin makaɗa, kuma a na biyu aka fi jin wannan zancen a fili. Fiyano ne ke buɗewa shi kaɗai, bugu bayan bugu kamar ƙararrawa, kowanne ya fi na baya nauyi. Kina jiran ya ɗauki karin, sai ya bar wa masu goge, shi ya koma ƙasa yana yi musu rakiya. Wannan wurin nake so ki kula da shi: mutumin da duniya ta sani da ƙwarewar yatsu ya rubuta wa kansa matsayin ɗan rakiya. A kashi na biyu na wannan konceton ma haka, sarewa ce ke fara karin, kilarinet (wani abin busa) ta karɓa, fiyano na biye a hankali. Duk lokacin da kika ji kin ɓace, ki tambayi kanki wa ke magana yanzu, wa ke amsawa.

Kiɗan nan daga ciwo ya fito. A 1897 aka gabatar da simfonin Rakmaninof na farko, wato dogon kiɗan ayarin makaɗa, abin ya watse, masu sharhi suka yi masa kaca-kaca. Kusan shekara uku ya kasa tsara wani abin kirki, sai a 1900 da ya riƙa zuwa wurin likita Nikolai Dahl. Likitan nan ya sadaukar wa konceto na biyu, ya kuma kaɗa shi cikakke da hannunsa a Mosko a 1901.

In na biyu ya zauna miki, ki koma wa na ukun. Za ki ji cewa duk hayaniyar nan daga ɗan kari mai sauƙi ta taso, wanda hannu biyu ke kaɗawa tare a farko, kuma yana dawowa.

Na ɗaya aikin ƙuruciya ne na 1891, ya sake masa fasali a 1917, shekarar da ya bar Rasha bai sake komawa ba. Na huɗu kam ina ganin an zalunce shi. Da aka fara kaɗa shi a Filadelfiya a 1927 mutane sun zo neman zaƙin na biyu, suka tarar da kiɗan da ke yanke karinsa tun bai ƙare ba. Ya yi ta rage shi har 1941. Ni a wurina muryar mutumin da ya rasa ƙasarsa ce, kada ki tsallake shi.

Shi kansa ya naɗi duka huɗun da makaɗan Filadelfiya, suna nan a YouTube. Sautin tsoho ne, amma ki nemi na biyun da ya naɗa a 1929 tare da jagoran makaɗa Leopold Stokowski. Ba ya jan kari don ya sa ki kuka, kai tsaye yake tafiya.