Tambaya da Amsa: MiG-15 ne ko MiG-17?

Tambaya: Na ga wani tsohon hoton jirgin yaƙin Najeriya na zamanin yaƙin basasa. Yaya zan gane MiG-15 ne ko MiG-17? Daga mai karatu a Agege, Legas.

Amsa: Malam, fara da fiffike. Ƙirga siraran ƙarafan da ke tsaye a bayansa: biyu a kowane fiffike MiG-15 ne, uku kuwa MiG-17. Fiffiken MiG-17 ya fi lanƙwashewa baya, kusan digiri 45, na MiG-15 kuma 35. Sai ka leƙa ƙarƙashin wutsiya, MiG-17 na da ɗan ƙaramin fiffike a can.

Idan kujeru biyu ne, MiG-15UTI ne na horarwa. Najeriya ta samu irinsa tare da MiG-17 a 1967, ta Kano. Samfurin MiG-17F kuwa, bakin bututun injinsa ya fito fili a baya, saboda na'urar ƙara wuta, wadda ke ƙara wa injin ƙarfi.

Inda masu bincike ke yawan tuntuɓe shi ne lambar da aka rubuta da fenti a jiki, domin ana sake ta. Lambar masana'anta da ke kan farantin ƙarfe ita ce abin dogaro wajen bin tarihin jirgi.