Idan aboki bai ce "bari" ba, dukansa ya halatta ke nan?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina yawan karanta labaran zane a waya, musamman na Koriya da ke manhajar Webtoon. A wani da nake bi akwai yarinyar da kullum sai ta kai wa abokinta hannu. Ya yi magana ta ranƙwashe shi, ya makara ta nushe shi a ciki, shi kuwa sai ya dafe wurin ya yi murmushi. Na ce wa ƙawata wannan cin zali ne, ta ce ai bai taɓa cewa ta bari ba, kuma da ba ya so da tuni ya rabu da ita. Wa ya fi gaskiya a cikinmu?

Amsa: Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Kin fi ƙawarki kusa da gaskiya, amma bari mu fara da inda take da hujja, domin wannan duka yana da asali.

A Japan akwai wasan barkwanci na mutum biyu da ake kira manzai, wanda ya yi ƙarfi a birnin Osaka, inda kamfanin Yoshimoto, da aka kafa a 1912, ya yaɗa shi. Ɗaya yana yin wauta, ɗayan yana gyara masa, kuma gyaran yakan zo da ɗan mari a ka ko bugu da mafici na takarda da aka ninke. Maficin nan ƙara gare shi, ba zafi. Mutanen biyu kuma sun yi gwaji tun kafin su hau dandamali, wanda za a buga ya san lokacin da hannu zai sauka, kuma kuɗin wasan tare za su raba. Wannan salo ya shiga littattafan zane na Japan da finafinansu na zane, ya kuma bazu cikin labaran intanet, har da na Webtoon ɗin da kamfanin Naver ya buɗe a Koriya ta Kudu a 2004, ya fitar da shi ga sauran duniya a 2014.

Masu zane suna da alamomin da suke gaya wa mai karatu cewa wasa ne. Ki lura da kyau: da zarar hannu ya tashi, sai jikin mutanen ya ƙanƙance, kai ya yi girma, ƙulu ya fito a tsakar ka yana hayaƙi, wani lokaci har da filasta a giciye a kansa. Kina gangarawa zuwa hoto na gaba, ƙulun ya ɓace, gashi ya kwanta lumui. A irin wannan duniya ba a ji wa kowa ciwo ba, dukan yana nufin "kai, ka cika shirme" ne kawai. Idan labarinki haka yake daga farko har ƙarshe, ƙawarki ba ta yi nisa ba.

Matsalar tana tasowa ne idan mai zane ya haɗa duniya biyu. A ce a babi na goma mugun da ke cikin labarin ya mari wata, aka nuna kumburin fuskarta kwana uku, aka nuna tana tsoron fita, mu ma muka ji haushi. A babi na sha ɗaya jarumar ta nushe abokinta har ya durƙusa, aka ce mu yi dariya. To mai zanen da kansa ya riga ya koya mana cewa a wannan labarin duka yana da zafi. Ba zai yiwu ya janye wannan doka don kawai mai dukan tana da kyau kuma muna sonta ba.

Sai maganar "ai bai ce ta bari ba", wadda ita ce ta fi damuna, domin ba a labaran zane kaɗai ake jin ta ba. Mutum yakan yi shiru saboda dalilai da yawa waɗanda ba su da alaƙa da jin daɗi. Wani yana tsoron rasa abokiyar da ita kaɗai gare shi. Wani yana sonta ne a ɓoye, kuma wannan shi ne ya fi yawa a irin labaran da kike karantawa. Wani ya taɓa yin magana aka ce masa "haba, wasa ne fa", aka yi masa dariya, ya ɗauki darasi. Idan namiji ne kuma mace ke dukansa, ga ƙarin nauyi: ya buɗe baki a ce rago ne. Ki juya hoton a ranki, a ce saurayin ne yake nushin yarinyar a ciki duk lokacin da ta makara, ita kuma tana murmushi. Na tabbata ƙawarki ba za ta ce ai ba ta yi ƙorafi ba.

Masu nazarin wasan kokawa na yara da na dabbobi sun daɗe da gano abin da ke raba wasa da faɗa. Gregory Bateson ya tsaya yana kallon birai a gidan namun daji na San Francisco a 1952, ya lura suna cizon juna amma kowanne yana ba ɗan'uwansa alamar cewa wasa ake yi. Daga baya Jaak Panksepp da Sergio Pellis sun yi nazari a kan ɓeraye, suka ga cewa wasan yana ɗorewa ne idan ana musayar matsayi, mai ƙarfi yana sassautawa ya bar ƙaramin ya hau kansa wani lokaci. Idan ɗaya ne kullum a sama, ɗayan yakan daina zuwa. Mu ma mun san haka a wasan taubasai. Ana tsokana, ana ƙwace hula, amma kowa yana da damar ramawa, kuma ranar da ɗaya ya murtuke fuska da gaske, ɗayan yakan ja da baya ya ba da haƙuri.

Saboda haka ki koma labarin ki duba ko yaron yana da ikon ramawa, ko da da baki ne, ba tare da ta fusata ba. Ki duba ko ya taɓa ƙyafta ido ko ya kare fuskarsa da hannu tun kafin ta motsa, domin mai zane mai lura yakan sa wannan ne da gangan, kuma alama ce ta wanda jikinsa ya saba da tsoro. Mafi muhimmanci, ki nemi wurin da ya nuna ya ji zafi da gaske ki ga abin da ta yi. Idan ta tsaya ta ce "yi haƙuri, na wuce gona da iri", abota ce mai hayaniya. Idan ta ƙara masa wani don ya yi raki, ko ta ce shi ya jawo, to ba wasa ba ne, ko da ya yi murmushi a kowane hoto.

Ban ce a daina karanta labarin ba, kuma ban ce jarumar muguwa ce ba. Akwai marubutan da suke barin wannan hali da gangan na tsawon babi da yawa, sai wata rana yaron ya riƙe hannunta ya ce ya gaji, labarin ya ɗauki sabon salo. Idan naki ya kai can, ki tura wa ƙawarki wannan babin ku sake tattaunawa.